Daga “Theudo” Zuwa “Deutsch”: Yadda Harshen Talakawa Ya Raɗa wa Ƙasa Suna

Duk wanda ya taɓa zagayawa wajen dillalan motoci 'yan Kwatano ya san ɗan farin tambarin nan mai siffar ƙwai da ake gani manne a bayan wasu motocin, da harafin D baƙi wuluk a tsakiyarsa. Ka tambayi dillali, zai ce maka ai wannan 'yar Jamus ce, ba ta sha wahala ba. Batun wahala sai bakanike ya duba, amma batun ƙasar gaskiyarsa ne. To, ina D a cikin Jamus? Ita ce dai D ɗin da ke farkon sunan DW, gidan rediyon da sashensa na Hausa ke magana da mu tun 1963. Mutanen ƙasar Deutsch suke kiran kansu da harshensu, ƙasar kuma Deutschland.

Da wuya a sami ƙasar da maƙwabta suka yi wa sunaye barkatai kamar wannan. Mu mun ce Jamus domin daga bakin Turawan Ingila muka ji, su kuma sun gada daga Rumawa masu cewa Germania. Faransawa na cewa Allemagne, Larabawa Almaniya, duka daga sunan ƙabilar Alemanni da ta zauna a bakin kogin Rhine. Mutanen Finlan na cewa Saksa, don Saksonawa suka sani. 'Yan Polan kuwa Niemcy suke cewa, daga wata kalma mai nufin bebe, wato wanda ba a gane abin da yake faɗa. Wannan ce ta bi ta hannun Turkawa ta shiga Larabci ta zama Nimsa, sunan Ostiriya. Kowa ya kira su da abin da ya fara cin karo da shi a kan iyaka.

Sunan da suka zaɓa wa kansu ya fita daban, domin ba a taɓa yin wata ƙabila mai suna Deutsch ba. An yi Frankawa, an yi Saksonawa, Babariyawa, Alemanni da Turingiyawa, kowace da sarakunanta da dokokinta, suna yaƙar juna. Deutsch sifa ce da aka ƙera daga wata tsohuwar kalma mai nufin jama'a, kuma harshe aka fara kira da ita. Sai da ta yi kusan shekara ɗari uku tana wannan aiki kafin a fara kiran mutane da ƙasa da ita a rubuce cikin harshen kansa.

Uwar da ba a taɓa rubutawa ba

Masana harshe suna rubuta uwar kalmar da tauraro a gabanta, *þeudō. Tauraron alama ce cewa babu wanda ya taɓa ganin ta a takarda ko a jikin dutse. Daga kamannin 'ya'yanta aka gano siffarta. Harafin farkon, þ, ana furta shi kamar “sa” mai ɗigo uku ta Larabci, harshe tsakanin haƙora. Masu wannan kalma su ne mutanen da suka zauna a kudancin Siwidin, Denmak da arewacin Jamus ta yau a ƙarnonin ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa, waɗanda daga harshensu Jamusanci, Ingilishi, harshen Holan da harsunan Sikandinebiya suka tsiro.

Mafi tsufan shaida mai tsawo ta fito daga wajen Gotawa. A ƙarni na 4 bishof ɗinsu, Wulfila, wanda ya rasu wajen 383, ya ƙirƙiro musu haruffa ya fassara musu Littafi Mai Tsarki daga Girkanci. Wani kwafe na aikin, da aka rubuta da tawadar azurfa da ta zinariya a kan fata mai launin shunayya a Italiya cikin ƙarni na 6, yana nan a ɗakin karatu na jami'ar Uppsala a Siwidin, inda ya je bayan sojojin ƙasar sun kwashe shi ganima daga birnin Prague a 1648. Cikin ganye 336 da yake da su da farko, 188 ne suka tsira. A wannan fassara kalmar na nan da iyalinta kaf: þiuda jama'a, þiudans sarki, wato mai jama'a, þiudinassus mulki. A wurin waɗannan mutane daga jama'a ake samo sunan sarki da na sarauta.

Akwai wani abu a fassarar Wulfila da ya kamata a tsaya a kansa. Inda Girkanci ya yi maganar waɗanda ba Yahudawa ba, sai ya sa jam'in þiuda, kamar yadda masu fassara zuwa Hausa suka sa “al'ummai”. A wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, wurin da Bulus ke tsawata wa Bitrus a Antakiya kan yana zama irin na al'ummai, Wulfila ya rubuta þiudisko. Wannan ita ce siffa mafi tsufa da aka sani ta kalmar da za ta zama Deutsch, kuma a nan ma'anarta “irin na waɗancan”, na bare, na waɗanda ba su da littafi. Tun ranar farko da ta hau takarda tana iya nuna mu, tana iya nuna su.

Kalmar ta girmi Jamusawan kansu. A tsohuwar Ailan túath ita ce ƙaramar masarauta, jama'arta da ƙasarta haɗe, kuma an yi zamanin da tsibirin ke da irinsu fiye da ɗari. A harshen Ailan na yau kalmar ta koma nufin karkara. Mutanen Brittany a Faransa har yanzu tud suke ce wa mutane. A Lituweniya da Latbiya tauta ita ce al'umma. A Italiya kafin Rum ta haɗiye kowa, Oskawa na cewa touto, babban mai mulkin birnin Capua kuwa meddix tuticus ake ce masa. Allunan tagulla bakwai da aka tono a Gubbio a 1444, masu ɗauke da addu'o'in Umbriyawa, cike suke da roƙon kariya ga tota, jama'ar gari. Gaulawa na da abin bauta Toutatis, mai tsaron ƙabila. Sarauniyar Iliriya da ta gwabza da Rum a shekara ta 229 kafin haihuwar Annabi Isa, Teuta aka san ta da shi. Dukkansu ana mayar da su ga wata kalma ta kakannin harsunan Indo-Turai, *teutā, wadda wasu masana ke dangantawa da saiwa mai nufin kumbura ko ƙarfi, wato taro mai kauri. Wasu na da ja a kan haka, domin a yammacin dangin ne kawai kalmar ta yi ƙarfi.

Me ya sa ta waɗancan ke farawa da t, ta Gotawa da þ, ta Jamusawan yau da d? Jacob Grimm, wanda duniya ta fi sani da tatsuniyoyin da ya tattara shi da ƙanensa Wilhelm, ya tsara amsar a 1822, bayan Rasmus Rask ɗan Denmak ya share masa hanya. Baƙaƙen harsunan Jamusawa sun gusa gaba ɗaya, bisa ƙa'ida: duk t ta asali ta zama þ. Latin na cewa tres, uku, Ingilishi na cewa three. Daga baya a Jamus da Holan þ ta sake gusawa ta zama d, aka sami drei da drie. A Siwidin da Denmak ta koma t, aka sami tre. Ka ɗora kalmarmu a kan wannan ma'auni, sai ga Deutsch a Jamus, Duits a Holan, tysk a Siwidin, Denmak da Nowe, kowace ta faɗa gurbinta ba tare da an matsa mata ba.

Abin da aka karanta a gaban Sarki Offa

Ɗafa-ƙeyar -isk da aka liƙa wa þeudō tana yin aikin da -anci ke yi a Hausa. Da Bahaushe ne ya ƙera kalmar, da “jama'anci” zai ce. Sai dai abin mamaki, shaidar farko ta amfani da ita a matsayin sunan harshe ba a Jamus aka same ta ba, ba kuma cikin Jamusanci ba. A 786 Paparoma Hadrian na Ɗaya ya aika wakilai Ingila, ƙarƙashin Bishof George na Ostia. Aka yi taron malaman coci a ƙasar Sarki Offa na Mercia. A rahoton da George ya aika wa Paparoma da Latin, ya ce an karanta ƙudurorin taron da babbar murya, da Latin da kuma theodisce, domin kowa ya fahimta. Harshen da yake nufi tsohon Ingilishi ne. Wato karon farko da aka rubuta kakar kalmar Deutsch a matsayin sunan harshe, Turawan Ingila aka yi wa.

Bayan shekara biyu ta sake fitowa, wannan karon a shari'ar cin amanar ƙasa. Sharlaman, sarkin Frankawa, ya gaji da ɗan'uwansa Tassilo, mai mulkin Babariya, wanda ke nema ya ci gashin kansa. A 788 aka gurfanar da shi a Ingelheim, aka tono masa tsohon laifi na shekara ashirin da biyar: wai a 763 ya janye daga rundunar Sarki Pepin, mahaifin Sharlaman, ana tsakiyar yaƙi. Marubucin fada ya rubuta da Latin cewa wannan laifi shi ne ake kira harisliz a “theodisca lingua”, ma'ana yaga runduna. Aka yanke wa Tassilo hukuncin kisa, Sharlaman ya sassauta, aka aske masa kai aka tura shi gidan 'yan zuhudu, Babariya ta shiga hannu. A lura da hikimar marubucin. A zauren akwai Frankawa, Babariyawa, Saksonawa da Lombardawa. Da ya ce laifin sunansa kaza da Frankanci, da an ce Frankawa ne suka ɗora wa Babariye dokarsu. Da ya ce “da harshen jama'a”, sai hukuncin ya zama na kowa.

A 813 taron malaman coci a Tours ya umarci limamai su riƙa juya huɗubarsu zuwa Rumancin ƙauye ko zuwa theotisca, don masu sauraro su gane. Ranar 14 ga Fabrairu 842 kuma, a Strasbourg, jikokin Sharlaman biyu, Ludwig da Charles, suka yi rantsuwar haɗa kai a kan yayansu Lothar. Kowanne ya rantse da harshen sojojin ɗan'uwansa, don su ji da kunnensu: Ludwig da Rumanci, kakan Faransanci, Charles da teudisca. Nithard, wanda shi ma jikan Sharlaman ne, ya rubuta kalmomin yadda aka furta su. Shekara guda bayan haka aka raba daular gida uku a Verdun.

A duk waɗannan wurare masu Latin ne ke amfani da kalmar, kuma abin da suke nufi shi ne harshen da ba na littafi ba. Wanda ya san yadda malamanmu na zaure ke kiran duk abin da aka rubuta da Hausa ko Fulatanci “ajami”, wato wanda ba Larabci ba, ya riga ya fahimci matsayin theodiscus a idon limamin ƙarni na 9. Talakan da ke magana da harshen bai san ma an yi masa wannan suna ba. Hujja a kan haka tana wajen Otfrid, wani ɗan zuhudu na Weissenburg, wanda ya wake Linjila da harshen mutanensa wajen shekarar 870. A wasiƙar da ya gabatar da littafin da Latin, theotisce ya ce. Da ya shiga cikin waƙar da harshen uwa, sai ya kira harshen frenkisg, Frankanci. A gida shi Bafranke ne.

Sai wajen shekara ta 1000 ne Notker, malamin St. Gallen a Siwizalan ta yau, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana fassara wa ɗalibai littattafan Latin, ya rubuta kalmar cikin harshen kanta, diutisk. Wajen 1080 kuma, a wata waƙa ta yabon Anno, babban bishof na Cologne da ya rasu a 1075, aka fara ganin ta tana sifanta mutane da ƙasa: mutanen diutisch, ƙasar diutisch. Daga nan zuwa lokacin da aka sami ƙasa ɗaya mai wannan suna, a Janairun 1871, akwai kusan shekara ɗari takwas.

Akwai wata kwana da kalmar ta yi a tsakani. Malaman Latin sun ga theodiscus ba ta da daɗin gani, ba ta cikin littattafan magabata. Sai suka lalubo Teutonicus, daga sunan Teutones, wata ƙabilar arewa da ta firgita Rum har Janar Marius ya murƙushe ta kusa da Aix-en-Provence ta yau a shekara ta 102 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙabilar ta yi kusan shekara dubu da shuɗewa, amma sunan ya yi kama, kuma bisa dukkan alamu saiwarsu ɗaya. Siyasa ta shigo ciki. Sarki Heinrich na Huɗu yana kiran kansa sarkin Rumawa. Paparoma Gregory na Bakwai, wanda ya sa shi tsayuwa cikin dusar ƙanƙara a Canossa a 1077 yana neman gafara, sai ya riƙa kiransa sarkin Teutonawa, don ya nuna masa iyakarsa. Wannan ruɗani da Teutones ne ya taimaka wasu Jamusawa suka daɗe suna rubuta teutsch da t, har farkon ƙarni na 19, lokacin da su Grimm suka tsaya a kan d.

Inda 'ya'yan suka watsu

Italiyawa ne suka riƙe tsohuwar siffar Latin kusan yadda take. Ƙasar Germania suke ce mata, amma mutumin tedesco ne. A Venice, gab da gadar Rialto, har yanzu ana ganin Fondaco dei Tedeschi, masaukin da aka keɓe wa fataken Jamus tun ƙarni na 13, inda dole su sauka, su ajiye kaya, su biya haraji. A tsohon Faransanci ta zama tiois, kuma tana nan a sunan wani gari na Lorraine, Audun-le-Tiche, wanda aka bambanta da maƙwabcinsa Audun-le-Roman bisa harshen da mutanen kowanne ke yi a da.

Labarin Ingilishi ya fi ban dariya. Sun taɓa mallakar kalmar: þēod jama'a, þēoden ubangida, geþēode harshe, wadda Sarki Alfred ya yi amfani da ita a rubuce-rubucensa a ƙarshen ƙarni na 9. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci suka yi ta ture ta, har ta ɓace kafin zamanin Shakespeare, ta bar sawu a sunayen garuruwa irin su Thetford, mashigin jama'a. Daga baya suka aro 'yar'uwarta daga bakin fataken Flanders da Holan, ta zama Dutch. D ɗin farkonta ce ke tona asirin cewa aro ce, don da 'yar gida ce da th za ta fara. Da farko duk mai magana da irin wannan harshe, daga bakin teku har tsaunukan Alps, Dutch ne a wurinsu. Amma da Holan ta sami 'yancinta a 1648, ta zama babbar kishiyar Ingila a teku, har suka yi yaƙi uku tsakanin 1652 da 1674, sai sunan ya maƙale wa mutanen Holan kaɗai, har da zambo iri-iri da aka ƙulla da shi. Yau Bature na kiran ɗan Holan Dutch, shi kuma ɗan Holan na kiran Bajamushe Duits, kansa kuwa Nederlander. Matanmu sun huta da wannan rikici: atamfar kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, Holan kawai suke ce mata.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu sarai ba. Zuriyar Jamusawan da suka fara sauka Pennsylvania ta Amurka daga 1683, ciki har da 'yan ɗariƙar Amish masu yawo a keken doki, Deitsch suke kiran harshensu, maƙwabta kuma na ce musu Pennsylvania Dutch, alhali yawancin kakanninsu daga kudu maso yammacin Jamus da Siwizalan suka fito. Taken ƙasar Holan, wanda aka tsara wajen 1570, a baitinsa na farko ya danganta jinin Yarima William na Orange da wannan kalma, abin da har yau ke sa wasu 'yan ƙasar ɗaga gira. Babbar cocin Turawan Afirka ta Kudu ma Nederduits ke farkon sunanta.

Ta kuma yi nisan zango. Japanawa na cewa Doitsu, wadda suka ji daga fataken Holan, Turawa kaɗai da aka yarje wa ciniki a tsibirin Dejima na Nagasaki daga 1641 har tsakiyar ƙarni na 19. Sinawa sun ɗauki gaɓar farko suka ce Deguo. A gabashin Afirka, zamanin mulkin mallakar Jamus, masu Swahili Wadachi suke kiransu.

Wani reshen ya bi ta aikatau. Yawancin masana na ganin deuten ta Jamusanci, bayyana ma'ana, asalinta “mayar da abu yadda jama'a za su gane”. Daga ita aka sami deutlich, a fili, da Bedeutung, ma'ana. A Aislan þýða na nufin fassara. Martin Luther, wanda ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, ya kare fassararsa a wata wasiƙa ta 1530 da cewa ba haruffan Latin ake tambaya yadda ake Jamusanci ba, uwa a ɗaka ake saurare, da yara a titi, da talaka a kasuwa. Bai yi nazarin asalin kalmar irin na su Grimm ba, amma ya faɗi ainihin abin da take nufi tun 786.

Sunayen mutane su ne suka fi ɓoye ta. Sarkin Gotawa da ya kashe abokin hamayyarsa Odoacer da hannunsa a wajen liyafar sulhu a 493, ya mulki Italiya daga Ravenna har rasuwarsa a 526, sunansa Þiudareiks, mai mulkin jama'a, wanda Latin ta mayar Theodoricus. Kabarinsa na nan, an rufe shi da dutse guda ɗaya mai nauyin fiye da tan 200. Sunan ya zama Dietrich a Jamus, Dirk a Holan, Derek a Ingila, Thierry a Faransa. Saboda haka duk wanda ya yi ihun ƙwallon Thierry Henry a gidan kallo, sunan wancan sarki ya ambata. Theobald, jarumin jama'a, ya zama Thibaut. A 2023 mai tsaron gidan Beljiyam, Thibaut Courtois, ya yi saɓani da kocin ƙasar, Domenico Tedesco, kan kambun kyaftin. Kocin an haife shi a Italiya, ya tashi a Jamus, sunan gidansu kuma “Bajamushe” yake nufi. Kalma ɗaya ce a sunayen su biyun. Gidan sarautar Tudor da ya mulki Ingila daga 1485 zuwa 1603 ma daga sunan Wales Tudur ya fito, wanda ake ɗauka tagwayen Theodoric ne ta ɓangaren Keltawa. Ba kowane mai kama ne ɗan gida ba: Theodore Girkanci ne, kyautar Allah yake nufi. Sunan sarkin ya kuma faɗa hannun ɓarayi. A Jamusanci Dietrich shi ne ƙarfen da ake buɗe kwaɗo da shi ba da mabuɗi ba, kuma 'yan Polan sun are shi suka ce wytrych.

Da harshe aka fara, aka koma jini

Uwar kalmar kuwa ta mutu a gidan da 'yarta ta yi sarauta. A Jamusancin tsakiyar zamani ana cewa diet, jama'a, amma ta dusashe, ta saura a sunaye irin su Dietmar da Detmold. Wadda ta gaje ta ita ce Volk, mai asali da rundunar mayaƙa, wadda muke gani a Volkswagen, motar jama'a. Wurin da uwar ke raye da ƙafarta shi ne can tsakiyar tekun arewa. A Aislan, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, þjóð ita ce al'umma a bakin kowa: babban titin da ya zagaye tsibirin þjóðvegur ne, gidan tarihi na ƙasa Þjóðminjasafn, Bajamushe Þjóðverji, Siwidin kuma Svíþjóð. A tsibiran Faro tjóð suke cewa.

Da masu kishin ƙasa na ƙarni na 19 suka gano cewa Deutsch na nufin “na jama'a”, sai suka yi murna, suka ɗauke ta shaidar cewa Jamusawa al'umma ce guda tun fil azal. Takardun ba su faɗi haka ba. Abin da suka nuna shi ne ƙabilu masu gaba da juna, waɗanda limamai da marubutan fada suka tara ƙarƙashin suna ɗaya saboda ba sa jin Latin. Amma ra'ayin ya kama, ya yi ta tauri. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1913 ta fi ɗora nauyi a kan haihuwa daga uba Bajamushe. Dokokin Nuremberg na Satumban 1935 suka kai abin maƙura, suka ce ɗan ƙasa cikakke sai mai “jinin Jamusawa”. A Beljiyam wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi, Verdinaso, da aka kafa a 1931, ta tono tsohuwar siffar Diets tana mafarkin ƙasar Dietsland. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kalmar ta zama abin ƙyama a can da Holan.

Babu abin da ya fi nuna wautar wannan karatu kamar Yahudawan Turai. Harshensu na Yiddish, wanda fiye da mutum miliyan goma ke yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, daga Jamusancin tsakiyar zamani ya tsiro, kuma ɗaruruwan shekaru su da kansu taytsh suke ce masa. A makarantun yaransu, malami ya karanta kalmar Ibrananci, yaro ya kawo taytsh ɗinta, wato ma'anarta da harshen gida. Su ne suka riƙe ma'anar 786 da kyau fiye da kowa: harshen jama'a a gefen harshen littafi. Mafi yawan miliyan shida da 'yan Nazi suka hallaka da sunan tsarkake Deutsch masu wannan harshe ne.

Jamus ta yau ba ta gama da muhawarar ba. A goshin ginin majalisar dokoki a Berlin akwai rubutun tagulla da aka kafa a 1916, mai sadaukar da ginin ga Volk na Jamus. Daga baya mai zane Hans Haacke ya kawo shawarar a yi wani rubutun a tsakar gidan ginin, da irin haruffan, amma a sadaukar ga Bevölkerung, wato duk mazauna ƙasar. Aka tafka muhawara, a shekara ta 2000 majalisa ta amince da ƙuri'a 260, masu ƙi 258. Rubutun na nan kwance cikin wani dogon kwami, 'yan majalisa na kawo ƙasa daga mazaɓunsu suna zubawa, ciyayi na tsirowa yadda suka ga dama.

A farkon shekara ta 2000 ne kuma sabuwar dokar zama ɗan ƙasa ta fara aiki. Yaron da aka haifa a Jamus ga iyaye baƙi yana zama Deutsch tun ranar haihuwa, muddin ɗaya daga cikin iyayen ya cika shekara takwas yana zaune bisa ƙa'ida. A 2024 aka rage zuwa biyar. Babba mai neman takardar zama ɗan ƙasa ba a tambayarsa ko wane ne kakansa. Cikin sharuɗɗan da dole ya cika akwai jarrabawar harshe, a matakin da ake kira B1, wanda ke nuna yana iya jin maganar mutane a kasuwa da ofis, ya kuma mayar musu da amsa.